Wa Ya Faɗa? Nasiha Ga Matasa Kan Ƙirƙirarriyar Basira



A shekarar 2023, a wata kotun tarayya da ke birnin New York na Amurka, wani lauya mai suna Steven Schwartz, wanda ya haura shekara 30 yana wannan aiki, ya sha kunyar da za ta daɗe tana bin sa. Yana tsaya wa wani fasinja ne da ya kai ƙarar kamfanin jiragen sama na Avianca, bisa zargin cewa amalanken rabon abinci ya buge shi a gwiwa a cikin jirgi. Lauyan yana bukatar tsofaffin hukunce-hukuncen kotu da zai kafa hujja da su, sai ya tambayi manhajar ChatGPT. Kafin ka ce kwabo ta jero masa shari'u, kowace da sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da lamba, da shekara, har da kalaman alƙalai. Ya kwashe ya zuba a takarda, aka miƙa wa kotu. Lauyoyin kamfanin suka nemi shida daga cikin shari'un nan sama ko ƙasa, ba su gan su ba. Alƙali ya nema, shi ma bai gani ba. Ashe ba a taɓa yin su ba a doron ƙasa.

Inda abin ya fi ban takaici shi ne, da shakka ta kama lauyan, manhajar ya sake komawa ya tambaya ko shari'un na gaske ne. Ta amsa masa da cewa na gaske ne, har ta faɗi rumbunan da za a same su. Alƙali Kevin Castel ya ci shi da abokin aikinsa da ofishinsu tarar dala 5,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba a wurin lauyan Amurka, amma jaridun duniya sun buga sunansa.

Na kawo muku wannan labari ne saboda abin da ya kayar da mutum mai furfura a aikinsa yanzu yana cikin aljihun kowannenku. Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kuma an ƙiyasta cewa cikin wata biyu masu amfani da ita sun kai miliyan 100. Google ya fito da tasa, Sinawa suka fito da DeepSeek, kamfanin Meta kuma ya dasa tasa a cikin WhatsApp, inda kowa ke yini. Wasu dattawanmu sun ce fitinar ƙarshen zamani ce, a nesanta yara da ita. Wasu daga cikinku kuma sun ce wahalar karatu ta ƙare. Ban bi ko ɗaya ba. Irin wannan tsoro an yi shi lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ga shi yau mai sayar da tumatir a Yankaba da ita yake jin farashin Legas. Hana ku ba zai yiwu ba, kuma ba shi da amfani. Abin da nake so ku riƙe tambaya ce guda, wadda kakanninku suka fi kowa iya ta: wa ya faɗa, kuma daga wa ya ji?

Ku fara sanin yadda irin wannan manhaja take aiki, don wanda bai san wannan ba shi ne ke ɗaukar ta kamar wani aljani masani. An tara mata rubuce-rubuce marasa ƙidayuwa daga intanet da littattafai, aka sa manyan kwamfutoci suka yi watanni suna bitar su, har ta naƙalci wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Idan ka yi mata tambaya, kalma take ɗorawa a kan kalma, gwargwadon abin da ya fi kama da amsa. Sau da yawa abin da ya yi kama da amsa shi ne amsar, shi ya sa take burge mutane. Matsalar tana ranar da ba ta sani ba, domin muryarta ba ta canzawa. Ba ta in'ina, ba ta sosa ƙeya, ba ta cewa bari in duba in dawo. Wasu daga cikin manhajojin yanzu suna leƙa intanet su nuna maka shafin da suka ɗauko bayani, wannan ci gaba ne. Amma sai ka danna ka karanta da idonka, don akan sami ranar da shafin ya faɗi abu ɗaya, ita kuma ta faɗi wani.

Kun san irin dillalin nan na bakin Kantin Kwari da bai taɓa cewa babu ba. Ka ce kana neman shadda iri kaza, ya ce zauna Alhaji, ya ɓace cikin layuka, jim kaɗan ya dawo da ƙunshi a leda. Wata rana ita ce, wata rana mai kama da ita ce, amma fara'arsa da rantsuwarsa iri ɗaya ne a duka ranakun. Wanda ya san shadda zai more shi, ya huta da yawon kasuwa. Wanda bai sani ba, sai ranar wanki zai gane abin da ya saya.

To, a ina wannan ya fi haɗari a gare mu? A wurin addini da lafiya, inda kuskure ba ya tsayawa a takarda. Ka nemi hadisi a kan wata mas'ala, tana iya kawo maka matani mai daɗin ji, ta jingina shi ga Bukhari, ta ba ka lamba, alhali ko dai ta sauya lafazin ko ta haɗa biyu ta yi ɗaya. Kai kuma ka kwafa ka watsa a zauren WhatsApp na dangi, ka ƙara da cewa a tura don Allah. Ku ɗauki misalin saurayin da ya yi wa amaryarsa wani furuci cikin fushi da dare, kunya ta hana shi zuwa wurin malam, sai ya rubuta wa manhaja yana tambaya ko aurensa na nan. Malamin unguwa zai zaunar da shi ya tambaye shi: me ka ce daidai, da wace niyya, ka taɓa furta irinsa a baya, tana cikin wane hali? Zai kalli fuskarsa, wataƙila ya aika a kira waliyyinta. Sannan ya san a kan mazhabar Malikiyya kotunanmu suke hukunci. Manhaja za ta ba shi amsa a kan rabin labarin da ya rubuta, kuma gobe idan abu ya lalace ba wanda zai iya kama ta. Haka lissafin gado, haka adadin maganin da za a ba jariri.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu ne al'ummar da bai kamata a yi mana wannan wayo ba. Malaman hadisi sun kafa ilimi sukutum a kan tantance masu ba da labari: wane ne wannan, ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, yana da riƙo, an taɓa kama shi da ƙarya? An ruwaito cewa Imamu Bukhari ya shafe shekara 16 yana tace littafinsa daga cikin ruwayoyi kusan 600,000, bai ɗauki ko kashi biyu cikin ɗari ba. A nan gida ma, Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu, littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Har gobe a zaurukan Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, idan baƙo ya zo yana jan baƙi, abin da ake fara tambaya shi ne a gaban wa ya durƙusa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati kuwa umarni ce ƙarara da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana da-na-sani. Mai wannan gado ne yau zai karɓi magana daga na'urar da ba ta da malami, ba ta da suna, ba ta jin kunya?

Wannan na rubutu ne kawai. Na ido da kunne ya fi shi muni.

A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin sashen kuɗi na kamfanin injiniyoyi na Arup ya sami saƙo da sunan babban jami'in kuɗin kamfanin da ke Ingila, ana neman ya tura wasu kuɗi a asirce. Hankalinsa bai kwanta ba, ya yi zargin damfara ce. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo. Ya shiga, ya ga shugaban nasa, ya ga wasu abokan aikinsa da ya sani, ya ji muryoyinsu. Zuciyarsa ta natsu. Ya tura kuɗi sau 15 zuwa asusu biyar, jimilla kimanin dala miliyan 25. Daga baya aka gano cewa a duk taron nan shi kaɗai ne ɗan Adam. Sauran fuskoki da muryoyi kwamfuta ce ta ƙera su daga hotuna da bidiyon mutanen na gaske. Ku lura, mutumin nan ba wawa ba ne. Ya yi shakka a inda ya dace, abin da ya kashe shakkar shi ne ganin ido. Mu da muka tashi muna cewa gani ya kori ji, sai mu sake lissafi.

Ba sai kana da miliyoyin daloli za a neme ka ba. Ɗan gajeren saƙon murya da ka ɗora a TikTok ya isa a kwaikwayi muryarka. A ƙasar da satar mutane don kuɗin fansa ta zama ruwan dare, ku yi tunanin uwa ta ɗaga waya da tsakar dare ta ji muryar ɗanta yana kuka: "Umma, ni ne, sun tare mu a hanya, ki tura abin da kike da shi a wannan asusun." Wace uwa ce za ta tsaya bincike? Maganin wannan ba ya bukatar digiri. A kashe wayar, a kira lambar da aka san shi da ita, ko a kira wanda suke tare. In ba a same shi ba, a yi wa mai kiran tambayar da sai ɗan gida ne zai iya amsawa.

Kada ku ce mu mun fi ƙarfin a ruɗe mu. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo guda ya zagaye ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye gidaje da yawa sun ɗora tukunya. An rasa rayuka, wasu da dama suka kwana a asibiti. Jita-jitar cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jubril daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da shi da kansa ya ƙaryata ta a ƙasar Poland a Disamban 2018. A shekarar 2018 ɗin dai, binciken BBC ya nuna yadda hotunan gawarwaki da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Filato, waɗanda wasunsu ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba, suka ƙara rura wutar ramuwar gayya. Duk waɗannan an yi su ne da tsohon hoto da saƙon baka, tun kafin yaro ɗan sakandare ya iya ƙera bidiyon wani malami ko wani fasto yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Kun san garuruwanmu. Kun san abin da bidiyon daƙiƙa talatin zai iya haddasawa bayan sallar Juma'a. Yatsan da ya danna tura yana da kaso a cikin duk jinin da ya zuba.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika magana a kai ba. Tunda kowa ya san ana iya ƙera bidiyo, duk ɓarawon da aka ɗauka yana cusa kuɗin jama'a a aljihu ya sami mafaka: zai ce haɗi ne, aikin ƙirƙirarriyar basira ne. Saboda haka wanda ya ƙaryata komai bai fi wanda ya gaskata komai ba, dukansu sun huta da bincike ne kawai. Aikin shi ne a bi sawu: wa ya fara ɗorawa, yaushe, wace kafa mai suna da adireshi ta tabbatar, wa ke cin riba idan na yarda?

Batun kuɗi ba zan daɗe a kansa ba. Dandalin CBEX ya yi wa mutane alkawarin ninka musu kuɗi cikin wata guda, wai ƙirƙirarriyar basira ce ke yi musu ciniki. A Afrilun 2025 ya rufe da dukiyar jama'a, fusatattu suka far wa ofishinsa a Ibadan, hukumar EFCC ta shiga bincike. Damfarar MMM ce ta 2016 ta sake riga. Wanda yake da na'urar da ke ninka kuɗi duk wata, me zai yi da dubu hamsin ɗinka?

Yanzu ga ku ɗalibai, don ku ne kuka fi damuna. Na san yadda ake yi: malami ya ba da jinga, a liƙa tambayar a manhaja, a kwafe amsa, a miƙa. Maki ya fito, kowa ya huta. Amma malami bai ba ka jinga don yana bukatar takardar ba. Ya fi ka sanin amsar. Abin da yake nema shi ne abin da zai faru a cikin kanka lokacin da ka yi awa biyu kana kokawa da tambayar, ka rubuta ka soke, ka tashi ka sha ruwa ka dawo. Wannan kokawar ita ce karatun. Ka tsallake ta shekara huɗu, za ka fito da kwali da hular digiri, kanka kuwa yadda ka shigo da shi. Ranar kare kundin bincike, malamin da aka gayyato daga wata jami'a zai buɗe shafi na 34 ya ce, "Wannan littafin da ka kafa hujja da shi, a wane ɗakin karatu ka same shi?" Idan manhaja ce ta ƙago sunan littafin, kamar yadda ta yi wa lauyan can, ba ka da ta cewa. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce ranar da kike ma'aikaciyar jinya a asibitin ƙauye, ba wuta, ba sabis, ga mai naƙuda tana zubar da jini.

Ban ce ku ƙaurace mata ba. Ka karanta babin da kanka, inda ya shige maka duhu ka ce ta yi maka bayani da sauƙaƙan kalmomi. Ka ce ta yi maka tambayoyi ta gwada ka. Ka rubuta naka, sannan ka ce ta nuna maka inda hujjarka ta yi rauni, ko inda Turancinka ya karkace. Yaron da ke Gumel ko Tasawa wanda iyayensa ba su da kuɗin malamin lesin, yau yana da mai yi masa bitar lissafi da ƙarfe biyun dare ba tare da gajiya ko tsawa ba. Wannan alheri ne babba, kuma ba shi kaɗai ba. Manhajar AlphaFold ta hasasho siffar sunadaran gina jiki sama da miliyan 200, aikin da ya sa aka ba Demis Hassabis da John Jumper lambar Nobel a 2024. Manhajar Nuru, wadda masu bincike na cibiyar IITA da jami'ar Penn State suka yi aiki a kanta, tana duba ganyen rogo ta kyamarar waya ta gaya wa manomi cutar da ta kama shi.

Maganar aikin yi kuwa, ba zan ɓoye muku ba, wasu sana'o'in za su ji a jikinsu. Mai buga takardu a shagon kwamfuta, mai tsara katin biki, mai fassarar wasiƙu, duk sun fara ganin ciniki yana raguwa ko farashi yana faɗuwa. Wanda zai tsira shi ne wanda ya san aikin sosai har yana iya gane inda na'ura ta yi shirme ya gyara. Ku kuma san cewa ba daga sama abin ya faɗo ba, gumin mutane ne, har da na 'yan Afirka. A Janairun 2023 mujallar Time ta bankaɗo cewa ma'aikata a Kenya ne suka riƙa karanta rubuce-rubuce mafi ƙazanta suna yi musu alama don a tsabtace ChatGPT, a kan ladan da bai wuce dala 2 a awa ba. Idan ba mu tashi ba, matsayin da za a bar mana ke nan: mu yi wankin, mu sayi data, riba ta tafi wani wuri.

Ga kuma harshenmu. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma har yau duk wanda ya gwada waɗannan na'urori ya san Hausarsu ba ta kai Turancinsu ba, kuma kuskurensu a kan tarihinmu da garuruwanmu ya fi yawa. Dalili a fili yake: abin da aka rubuta take koya, mu kuwa abin da muka zuba a intanet bai kai yawanmu ba, kuma kaso mai tsoka na wanda muka zuba zage-zage ne da gurgun rubutu. Akwai 'yan'uwanku da suka ɗaura ɗamarar gyara wannan. Ƙungiyar Masakhane ta haɗa masu bincike daga sassan Afirka, akwai kuma HausaNLP, kuma masana daga Jami'ar Bayero suna cikin waɗanda suka tattara rumbun NaijaSenti a 2022. Gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani. Yaran kasuwar waya ta Farm Centre sun koyi kwance wayar da ba a ƙasarsu aka ƙera ta ba su mayar, ba tare da sun shiga aji ba. Ƙwaƙwalwar da ta yi wannan ba za ta gaza a lissafi da rubuta manhaja ba. Ko ba ka kai nan ba, rubuta tarihin garinku a Wikipedia ta Hausa, da hujja, da ƙa'idar rubutu, ɗ da ƙ da ɓ kowanne a mazauninsa.

'Yan mata, ku yi hattara da hotunanku. Akwai manhajojin da ke ɗaukar hoton mace cikin shigarta ta mutunci su mayar da shi na tsiraici, sannan a biyo ta da barazanar ta biya ko a watsa. Idan ya same ki, kada ki biya, kada ki ɓoye. Ki adana shaidar, ki gaya wa babba a gida, a kai ƙara. Laifin ba naki ba ne. Samarin da ke yin haka da sunan wasa ko ramuwar soyayya, ku sani ƙazafi ne a addini, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta shi. Iyaye su ma su daina yanke wa 'ya'yansu hukunci a kan hoto kafin su ji ta bakinsu. Kuma dukanku, lambar NIN da BVN da sakamakon asibiti da sirrin gidan aure ba abin zubawa a manhaja ba ne. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma abin da ka miƙa da hannunka ya tafi kwamfutar wata ƙasa, dawo da shi sai an sha wuya.

Roƙona na ƙarshe a kan iyayenku ne. Ku ne kuka saya musu wayar, ku ne kuka buɗe musu WhatsApp, kuma su ne suka fi saurin gaskata duk abin da ya zo da murya da fuska, don a zamaninsu ba a iya nuna mutum yana faɗin abin da bai faɗa ba. Ku zauna da Baba da Umma cikin ladabi, ku nuna musu bidiyon bogi guda ɗaya su gani da idonsu yadda ake haɗa shi. Ku gaya musu duk wanda ya kira da muryarku yana neman kuɗi, su kashe su kira lambar da suka sani. Ku yi wannan a makon nan, kada ku bari ɗan damfara ya riga ku zuwa wurinsu.